Milimita 40 da na yanke daga ƙafafun gaban Datsun 240Z

Ƙarar da ta fara sa ni zargin aikina ba mai tsanani ba ce. Wani "dum" ne mai nauyi daga ƙarƙashin bonet, kamar an buga guduma a kan kututture, kuma ba ya zuwa sai tayar gaba ta hau ɗan tudu ko ta faɗa ɗan rami. Kwana uku ke nan da na sauke motar, Datsun 240Z ƙirar 1972, ina ta zagaya ta ina jin daɗin yadda taya ta shige cikin madigadi. A tsaye ba ta da makusa. A tafe kuwa, ko tsakuwa ta taka sai na ji a haƙorana.

Abin da na yi a karon farko shi ne abin da mai ɗoki yake yi. Na sayi kayan koyiloba na sauƙi: rigar alminiyam mai tiredi da ake zura wa bututun ƙafa, babban notin da sifirin ke zama a kansa, da siraran sifirin masu faɗin ciki inci 2.5 da tsawon inci 8. Na yanke tsohon mazaunin sifirin, na bar layin tsohuwar waldar ya zama madogarar riga, na murɗa notin har gaban motar ya sauka milimita 50. Bututun kansa ban taɓa shi ba, shokozobar da ke cikinsa ma ban taɓa ta ba. A raina aiki ya ƙare.

Ƙafar gaban wannan mota irin ta MacPherson ce, sunan injiniyan nan na Amurka, Earle MacPherson, wanda tsarin nasa ya fito a Ford Consul ta Ingila a 1950. A wannan tsari shokozoba ba 'yar rakiya ba ce. Bututunta shi ne ƙashin da ke riƙe taya a tsaye, sifirin na zagaye da shi, kansa na ɗaure a jikin bodi, gindinsa na zaune a kan boljoyin, gaɓar ƙarfen da ke ba ƙafa damar juyawa. A yawancin motocin yanzu kusoshi biyu ne suke haɗa bututun da ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ka kwance ka ɗaura gajere ka tafi. A 240Z ba haka ba ne. Bututun a dashe yake cikin ƙarfen, abu ɗaya ne da shi, kamar yadda yake a Datsun 510 da BMW 2002 da Corolla AE86. Duk wanda yake son gajeren bututu a irin waɗannan motoci, sai dai ya yanka na jikinsu.

Kafin in kai ga wannan tunani, sai da wata 'yar igiyar roba ta ba ni kunya, irin mai haƙoran nan da ake ɗaure wayoyi da ita. Na ɗaga motar, na ɗaura igiyar a jikin sandar shokozoba ta tsakanin murɗin sifirin, na yanke jelarta, na tura ta ƙasa har ta zauna a kan notin da ke rufe bakin bututu. Duk inda ƙafa ta matse ta kai, notin zai tura igiyar ya bar ta a can. Na sauke motar daga jak, ban ko tashe ta ba na leƙa da tocila. Tsakanin igiyar da robar tsayarwa da ke can sama, wadda ke tare ƙafa in ta matse ƙarshe, ko ɗan yatsana bai shiga ba. Na zagaya unguwa a hankali na dawo, na tarar igiyar ta nutse cikin robar, har ta yi mata shaida.

Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Kafin in sauke motar, tazarar da ke tsakanin bakin bututu da robar tsayarwa ta kai milimita 60 a ma'aunina. A ƙafar MacPherson kusan duk milimitar da bodi ya sauka, sandar shokozoba ita ma ta nutse kusan milimita guda, don ƙafar tana dab da taya kuma kusan a tsaye take. Na sauke 50, saura 10. Wato motar tana tafiya ne a kan milimita 10 na sifirin, daga nan sai roba, daga roba sai ƙarfe. Sifirin ɗin da nake ta zargi da tauri ko damar yin aiki bai samu ba.

Akwai wani dattijo mai walda, abokin mahaifina tun suna samari, wanda nake kai wa duk aikin da nake tsoro. Na kai masa ƙafa ɗaya a hannu na ce, "Baba, an ce in gajarta bututun nan. To amma ni ba na son motar ta ƙara sauka, ta ishe ni a haka." Ya karɓa, ya juya ta, ya leƙa cikinta, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka bututu ke ɗauke da mota? Sifirin ne ke ɗauke da ita. Inda ka ajiye mazauninsa, nan mota za ta tsaya. Bututu rufin ɗaki ne kawai a juye. Ka sauke shi, sanda ta samu wurin shiga."

Wannan magana ita ce ta warware mini komai, kuma na lura mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Gajarta bututu ba ya sauke mota ko da milimita ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya janye bakin bututun daga robar tsayarwa, ya mayar wa ƙafa tafiyar da saukewa ta cinye. Ba kuma kyauta ba ce. Gajeriyar shokozoba tafiyarta gaba ɗaya ba ta kai ta asali ba, don haka abin da ka samu wajen matsewa ka biya shi wajen miƙewa, lokacin da taya ke bin rami zuwa ƙasa. Wanda ya zarce wajen yanka zai samu motar da ke ɗaga taya a kwana, ko take buga kai duk sanda ta sauko daga tudu.

Saboda haka shokozoba aka fara nema, ba zarto ba. Ita za ta faɗi nawa za a yanke. Masu wannan mota sun daɗe suna aron gajerun shokozoba daga wasu motoci, musamman ta bayan Toyota MR2 ta farko da ta gaban Volkswagen Golf ta farko, wadda ake kira Rabbit a Amurka. Ni ta MR2 na samu. Abu uku na duba kafin in yarda da ita: ko kaurinta zai shiga bututun 240Z, wanda bai kai na ƙanwarta 280Z faɗi ba, ko notin rufe baki zai zauna daidai a kafaɗarta, da ko kan sandarta zai shiga abin da zan ɗaura a sama. Na jera ta da tsohuwar a kan tebur, gindi da gindi a jikin katako ɗaya, na auna bambancin jikinsu. Milimita 42.

Kwance ƙafafun bai ba ni wahala ba sai a wurin notin bakin bututu, wanda shekaru suka manne shi. Na koyi cewa a sassauta shi tun ƙafar tana jikin mota ya fi sauƙi, domin a kan bayis sai ka matse bututun har ya lotsa kafin notin ya motsa. Na cire kalifar birki, na cire ƙarfen da taya ke ɗaure a kai da boris ɗinsa, na naɗe sandar da yake juyawa a kai da tsumma da ledar ƙarfe don kada tartsatsin walda ya ɓata ta. Da na zare tsohuwar shokozoba na kife bututun, sai ga wani baƙin mai mai wari yana tsiyaya. Asalin waɗannan ƙafafu bututun ne kansa tankin mai, daga baya ne wani ya zura shokozoba rufaffiya ya bar sauran man a ciki. Sai da na wanke shi sau uku na bar shi ya bushe. Mai da wuta a cikin bututu mai rufaffen gindi ba abin gwaji ba ne, kuma ko bai kama ba, hayaƙinsa yana cika walda da ƙananan ramuka.

Bambanci 42 ne, amma 40 muka yanke, kuma da gangan. In bututu ya fi shokozoba tsawo da kaɗan, sai ka jefa washa a gindinsa ka cike giɓin. In ya gaza ta, noti ba zai kama tiredi isasshe ba, kuma ƙarfen da ka yanke ba ya dawowa. Cikin 40 ɗin nan har da abin da bakin zarto ke ci sau biyu da ɗan abin da walda ke ja idan ta huce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki ban bar ido ya yi ƙima ko sau ɗaya ba.

Wurin yankan ma sai da muka zauna a kansa. Ba a yanke ta sama, don a nan tiredin notin yake kuma ana buƙatarsa lafiya lau. Ba a kuma yanke can ƙasa kusa da inda bututu ya shiga ƙarfen taya, domin duk ƙarfin birki da na kwana a nan yake taruwa, nan ne bututu ya fi shan lanƙwasa. Mun cire yankin da ke ɗauke da tsohuwar waldar mazaunin sifirin, jifa ɗaya ya kakkaɓo biyu: bututu ya gajarta, tudun tsohuwar waldar ya tafi, sabon haɗin kuma zai ɓuya a ƙarƙashin rigar tiredi. Kafin yanka Baba ya ja layi miƙaƙƙe a tsawon bututun da ƙusa, don a mayar da guntun sama yadda yake fuskanta tun asali. Layukan yanka kuwa da takarda ya fitar da su. Ya naɗe ta a jikin bututun har gefenta ya haɗu da kansa ba karkata, ya bi gefen da alli.

Abin yankan bututu mai faifai muka fara gwadawa, wanda ake zagayawa ana ƙara matsewa. Yana ba da yanka miƙaƙƙe, amma yana tura leɓen ƙarfe zuwa ciki, sai an bi da magagari an share. A na biyu zarton inji muka yi amfani da shi. Duk bakunan huɗu an gurje musu kusurwa, yadda in an haɗa biyu za su bar kwari mai kamar harafin V da walda za ta cika.

A nan ne na ga bambancin mai walda da mai riƙe da injin walda. Ya kwantar da guntayen biyu cikin ƙarfen kwana, irin mai kusurwa biyu, ya ɗora wani a kai, ya matse da maƙalai huɗu. Wayar ƙasa ta injin a jikin bututun ya maƙala ta, dab da haɗin. Ya ɗiga walda ɗaya, ya juya ya ɗiga a kishiyarta, sannan sauran kusurwa biyu. Ya kwance maƙalan, ya ɗora ƙarfen awo a tsawon bututun ya ɗaga shi zuwa haske yana neman inda haske zai ratsa. Ya juya, ya sake dubawa, har zagaye ya cika. Sai da ya gamsu ya fara ɗinki, kuma ba a jere ba: ɗan tsawon gaɓar yatsa a nan, ya tsallaka kishiya, ya ajiye ya jira har ya iya taɓa ƙarfen da bayan hannu. Na gaji da jira na ce, "Baba, ai da ka zagaye shi gaba ɗaya mun huce." Bai ɗago ba ya ce, "Walda tana jan ƙarfe zuwa inda ta huce. In na zagaye a numfashi ɗaya, zai sunkuya ya bi ni. Kai za ka ga miƙaƙƙe, taya ba za ta gani ba."

Da gaskiyarsa. Karkatar da ido ba zai kama ba a tsakiyar bututu, in ta kai kan ƙafa ta zama bambancin kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, tsakanin hagu da dama, ko ta sa shokozoba ta zauna a takure tana cin sandarta ta gefe ɗaya.

Duk da haka ba mu tsira ba, kuma laifina ne. A ƙafa ta biyu ya ba ni dama in gurza kusurwar da kaina, na zarce, na bar bakin ƙarfen ya yi siriri kamar wuƙa. Wuta ta ratsa, narkakken ƙarfe ya ɗigo ta ciki. Daga waje ɗinki ya yi kyau abin sha'awa. Na ɗauko sabuwar shokozoba ina fara'a na zura, ta tafi sumul kamar tsawon tafin hannu, sai "ƙwas", ta tsaya. Na juya ta, na girgiza, ko gezau. Hannuna ya kai ga guduma. Baba ya kalle ni, ya kalli gudumar, na mayar da ita inda na ɗauko. Da na buga, da na lotsa jikin shokozobar, ko in cusa ta yadda ba za ta sake fita ba.

Na leƙa da tocila na ga ɗigon, guda uku, kowanne bai fi ƙwayar ashana ba. Rabin yini suka ci mini. Na ɗaura ɗan dutsen gurza a kan doguwar sanda na saka a injin huda, ina gurzawa kaɗan, in share, in shafa wa tsohuwar shokozoba alli in zura, in zaro in ga inda allin ya goge. Sai da sabuwar ta iya zamewa har gindi da nauyin kanta, ta kuma fito da yatsa biyu, sannan na ajiye.

Washa mai kaurin milimita 2 ta shiga gindin kowane bututu. Alamar cewa an dace ita ce notin baki ya matse shokozoba tam alhali saura ɗan tiredi ɗaya ko biyu a waje. In notin ya shige har ya zauna a kan bututu, to bututun ya matse, ba shokozobar ba, kuma za ta riƙa rawa a ciki tana ƙwanƙwasa a kowane tudu. Na zuba ɗan mai mai tsabta a tsakaninta da bututun don zafi ya samu hanyar fita, kamar yadda takardar da ta zo da ita ta ce. Wannan ba a kowace iri ake yi ba. Masu juyayyen jiki irin wasu na Bilstein a bushe ake saka su.

A sama na cire tsohon kan roba mai kauri na saka farantin kamba na ƙarfe, irin wanda ake ɗaurawa da kusoshi, don ban yarda in yanke bodin mota mai wannan shekaru ba. Farantin ya fi robar siranta da milimita 15, kuma wannan riba ce tsantsa: bodi ya sauka da 15 ba tare da sanda ta nutse ba. Kuɗinsa shi ne ƙarar hanya, wadda a da roba ke shanyewa, yanzu tana shigowa kai tsaye.

Saura zoben ƙarfen da rigar tiredi za ta zauna a kai, kuma wannan karon ban yi saurin walda ba. Na mayar da ƙafa jikin mota ba sifirin, na ɗaura taya, na sa jak a ƙarƙashin lowa-am, ƙarfen da ke haɗa gindin ƙafa da jikin mota, na ɗaga har nisan tsakiyar taya zuwa leɓen madigadi ya kai inda nake son motar ta tsaya. A wannan matsayi na auna komai. Tazarar bakin bututu da robar tsayarwa ta zama 65: goman da ta rage, da 40 na yanka, da 15 na faranti. Na ci gaba da ɗagawa har roba ta matse, ina juya sitiyari hagu da dama, ina duban ko taya za ta taɓa cikin madigadi ko bututun birki zai takura.

A nan ne sifirin ɗina mai inci 8 ya faɗi jarrabawa. Ƙarfinsa kilo 4 ne ga kowace milimita, wato kimanin fam 225 ga inci. Nauyin da ke kan sifirin a kowace kusurwar gaba na ƙiyasta shi kilo 230, don haka motar tana tsaye ma ya matse kusan milimita 58. Ƙara 65 na tafiya, ƙara kamar 25 da robar tsayarwa ke lotsawa kafin ta ƙi, ya zama 148. Na ƙirga murɗin sifirin, na ninka da kaurin wayarsa, na samu tsawonsa in ya matse ƙarshe. Daga milimita 203 na tsawonsa, abin da zai iya bayarwa bai wuce 131 ba. Wato tafiyar da na sha wahala na ƙwato ta fi ƙarfin sifirin. Murɗinsa za su haɗu su zama dunƙulen ƙarfe kafin roba ta yi aikinta, kuma wannan bugun ya fi na farko muni, don kai tsaye yake zuwa kan notin alminiyam da zoben walda. Na koma na nemo mai inci 10, ƙarfi ɗaya, wanda ke ba da fiye da 160.

Dogon sifirin ya zo da tasa rigimar. Tsawonsa milimita 254, a matse 196, don haka mazauninsa ya sauko ƙasa har gefen kafaɗar taya, inda a da yake samanta. Na zura yatsa tsakanin notin da taya, da ƙyar takardar kwali ta wuce. Taya kuma ba dutse ba ce, tana lanƙwasa a kwana. Faifan tazara na milimita 5 a bayan wili ya ba ni sarari, bayan na tabbatar kusoshin taya suna da sauran tiredi isasshe. Sai a lokacin na yi wa bututu alama, yadda notin zai tsaya a tsakiyar rigar, in samu wurin hawa da wurin sauka. Zoben ma ɗiga-ɗiga aka yi masa da farko, aka sake gwadawa a mota, sannan aka ɗinke, ta ƙasansa kawai, don riga ta zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Shokozoba tana waje duk lokacin da wuta ke kusa, kuma bayan waldar zoben sai da na sake zura ta na tabbatar bututu bai motsa ba.

Da na saki jak ƙafa ta miƙe gaba ɗaya, sifirin ya saki, yana kaɗawa da tazarar kusan milimita 10. Ba mamaki: ƙafar tana miƙewa 68 daga inda mota ke tsayawa, sifirin kuwa 58 kawai yake da shi da zai mayar. Ɗan siririn sifirin na taimako, wanda ke lafewa gaba ɗaya in nauyi ya hau, shi ya riƙe babban a mazauninsa. Kaurinsa a lafe sai da na rage shi daga tsayin notin.

Na sauke motar, na tura ta gaba da baya don tayoyi su saki, sannan na ɗaure kusoshin bushin ɗin lowa-am tana tsaye da nauyinta. In aka ɗaure su taya na rataye, robar tana zama a murɗe, ta ɗaga mota kaɗan ta kuma mutu da wuri.

Fitar farko, "dum" ɗin nan ya ɓace. Na bi hanyar da na bi ranar igiyar roba, na nufi tudun da ya fi ba ni haushi da gangan, motar ta haɗiye shi ta wuce. Amma da na ƙara gudu a hanya mai gargada, sai na ji wani sabon abu. Duk sanda taya ɗaya ta hau tudu, hancin motar sai ya ɗan zille gefe, sitiyari na hannuna ban juya ba. A da ƙafar ba ta tafiya, shi ya sa wannan ciwo ya ɓuya. Yanzu da ta samu tafiya ya fito fili.

Na kwanta a ƙasa na duba ta gaba. Lowa-am, wanda a tsayin asali yake gangarowa daga tsakiyar mota zuwa taya, yanzu ya juye, gefen taya ya fi na ciki tsayi. Tayarod, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, ma haka. Su biyun kowanne yana zana nasa baka in ƙafa ta motsa, kuma a wannan kusurwa bakan nasu ba sa tafiya tare, sai tayarod ya riƙa jan taya ko tura ta. Juyewar lowa-am tana kuma sauke wurin da bodi ke jingina a kai in mota ta shiga kwana fiye da yadda nauyin motar ya sauka, abin da ke sa saukakkiyar mota ta fi son kwanciya gefe in ba taurin sifirin ya hana ta ba. Gajarta bututu bai taɓa wannan ba ko kaɗan, don matsalar tana ƙasa da shi.

A 240Z hannun sitiyari, wanda boljoyin da tayarod ke jikinsa, kusoshi biyu ne suka ɗaure shi a gindin ƙafa. Ana saka dunƙulen alminiyam a tsakaninsu, ya tura boljoyin da kan tayarod ƙasa, lowa-am ya dawo kusa da kwance ba tare da tsayin mota ya canza ba. Na saka mai milimita 25 da dogayen kusoshi masu lambar ƙarfi 10.9. Wili na inci 15 ne, ya wuce da ɗan sarari. Mai inci 14 sai ya auna sosai, don kan tayarod yana iya gogar cikin wili. Zillewar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma ta koma abin da sai na kasa kunne nake ji. Bayan nan sai alaimen, domin duk taɓa tsayi yana canza yadda tayoyi ke kallon juna.

Abu ɗaya na yi da ya saɓa wa abin da ya kai ni aikin tun farko. Bayan mako biyu na murɗa notin sifirin na ɗaga gaban da milimita 8 a kowane gefe. A ido, tsayin farko ya fi kyau, ba na musu. Amma lowa-am ya fi kwanciya a sabon tsayin, kuma taya ta daina sharar cikin madigadi in na shiga kwana da birki. Na auna ɓangarorin biyu daga ƙarfen shasi zuwa ƙasa, ba daga madigadi ba, don bodin shekara 50 ba ya rasa inda aka taɓa bugawa aka gyara, kuma na hagu a motata ya fi na dama sauka da milimita 4 tun kafin in taɓa komai. Na sake komawa alaimen, mai aikin ya dube ni ya ce, "Oga, ba kai ne na wancan makon ba?"

Igiyar robar tana nan a jikin sandar, ban cire ta ba. Jiya bayan doguwar tafiya na ɗaga motar don in sake gwada notin bakin bututu, na samu na dama ya ɗan karɓi matsi, na hagu bai motsa ba. Na haska tocila. Igiyar hagu ta tsaya saura kamar faɗin yatsa ta kai roba, ta dama ta taɓa ta da kyar ba ta nutse ba. Na tura su duka biyun ƙasa, na sauke jak, na zagaya bayan motar da tef ɗin awo, inda har yanzu bututun asali ne kuma ban san me igiya za ta ce ba.